Koren da Ba a Sa wa Za'afaran Ba

Kwana biyu bayan an gama hidimar Nauruz, bikin sabuwar shekara, da hantsi, Gauhar 'yar marigayi Mirza Yadullah ta yi sallama a gidan Ustad Bahman mai zayyana, rungume da wani abu a cikin ƙyallen alharini. Tsohon yana zaune a gindin bishiyar lemon tsakar gidansa yana shan rana, don sanyin Shiraz ba ya saurin sakin ƙashin tsofaffi. Shekararsa saba'in da takwas. Shekara shida ke nan rabonsa da alƙalamin zayyana, tun da hannunsa ya fara rawa, kuma ba ya son a tuna masa.

"Baffa, ba gaisuwar sabuwar shekara ce ta kawo ni ba," in ji ta bayan sun gaisa. "Littafin Baba ne."

Ba sai ta faɗi wanne ba. Mirza Yadullah ya rubuta wa hakimai da attajirai littattafai da yawa, amma guda ɗaya ne ya rubuta don kansa, diwanin waƙoƙin nan da kowane yaro a garinmu yake haddace rabinsa kafin ya iya ɗaure wando. Shekara uku ya yi a kansa, warƙa ɗari biyu da goma sha huɗu, da rubutun nan nasa mai ratayuwa wanda har yau in an ga mai kyau sai a ce ya kusa na Yadullah. Da ya gama ya miƙa wa amininsa Bahman ya yi masa zayyana. Shi ne kuma abin da ya bar wa 'yarsa, sai gida mai yoyo.

Gauhar ta kwance ƙyallen, ta buɗe littafin a hankali a kan gwiwarta. Tsakiyar shafin, inda baitocin suke, ta rabu da gefen, ta zame ta faɗo mata a cinya, a yanke tsaf kamar da aska. Gefen ya rage shi kaɗai, da bareyinsa na zinariya da rassan inabinsa, suna kewaye da rami.

"Goma sha ɗaya sun faɗo haka," in ji ta. "Wasu suna reto, saura ƙiris. Na kai wa Kalbali mai ɗinkin littafi, ya ce tawadar Baba ce. Wai bai iya haɗa ta ba, shi ne take cin takarda. Yanzu maganar ta zaga layin masu takarda kaf. Jiya wani ya tare mijina yana dariya, wai duk mai littafin Mirza Yadullah ya yi maza ya karanta kafin ya zama gari." Ta ɗago ta dube shi. "Baffa, kai ka zauna da shi shekara arba'in. Haka ne?"

Bahman ya ɗauki guntun da ya faɗo, ya kai shi dab da idonsa. Tawadar tana nan baƙa ƙirin, tana sheƙi, ko ɗigo ɗaya bai ci takarda ba. Bakin yankan ne ya ƙone ya yi ja, kuma a jikinsa akwai sauran kore. Tun kafin ya taɓa ya riga ya sani.

"Ki bar mini shi kwana uku," ya ce.

Ta yi masa godiya, har da durƙusawa, ta tafi.

Duk mai zayyana ya san zangar. Kore ne da ake samu in an rataye tagulla a bakin tulun ruwan tsami, a rufe a binne, bayan kwana arba'in a tono a kankare tsatsar. Babu koren da ya kai shi haske. Amma yana da ci. In aka shafa shi a takarda haka nan, yana nan yana cinta a hankali, shekara talatin, arba'in, har ya huda ta. Maganinsa za'afaran, jan silin furen nan mai ƙamshi da ake sa wa abinci: a jiƙa, a ɗiga a ciki, sai ya kashe masa kaifi. Sai dai za'afaran yana dusashe shi, ya mai da shi kore mai kunya, irin na ganyen da ya kwana biyu da tsinkewa. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa mutum ranar da aka fara ba shi turmin niƙa launi, kuma ba wanda yake mantawa.

Bahman bai manta ba. Ranar da Yadullah ya kawo masa warƙoƙin, shekara talatin da huɗu da suka wuce, ya shimfiɗa su ya duba, abin da ya ji ba murna ba ce. Hassada ce, gara a kira ta da sunanta. Ya ga rubutun da duk wanda ya buɗe littafin ba zai ko waiwayi gefe ba. Shi kuwa yana so ido ya fara tsayawa a kan aikinsa, ko da na numfashi ɗaya ne, kafin ya shiga baitocin. Sai ya zauna ya yi wa kansa awo. Shekararsa arba'in da huɗu, tari yana kama shi duk hunturu, ubansa bai wuce hamsin ba, kakansa ma bai kai ba. Kafin koren ya huda takarda, da shi da Yadullah duk suna ƙarƙashin ƙasa, ba mai tambaya, ba wanda za a tambaya.

Yadullah da kansa ya kawo masa za'afaran a ƙunshin takarda, mai kyau, na Khurasan. Bayan wata biyu ya zo ganin aiki, ya tsaya a kan layin koren da aka ja kewaye da baitocin kowane shafi, da ganyayen da suka cika gefe, sai ya ce:

"Kai Bahman, wannan kore kamar zai yi magana. Ka sa masa za'afaran ɗin kuwa?"

"Na sa mana."

"To, hannunka ne ke nan ya fi na mutane."

Yadullah bai sake tambaya ba har ya mutu. Rabin awon Bahman ya yi daidai, don Yadullah ya rasu shekara tara da suka wuce. Sauran rabin ne ya kuskure. Tarin ya sake shi yana da hamsin bai ƙara dawowa ba. Allah ya ja masa kwana, ya zaunar da shi daram a gindin lemo, har koren ya gama aikinsa aka kawo masa shi gida a cikin ƙyallen alharini.

Matarsa Sharbanu ta fito da gurasa da cuku ta ajiye masa. Ta ji duk abin da aka faɗa, don a gidan nan ba a taɓa yin maganar da ta wuce kunnenta ba. Ta leƙa littafin, ta sa yatsa a bakin ramin, ta dubi mijinta.

"Malam, za'afaran ɗin nan da ka kawo mini a ƙunshin takarda, shekarar da rijiyarmu ta ƙafe. Ka ce kyauta aka yi maka. Wata uku muna cin shinkafa da shi, har maƙwabta suna tsokanata wai hakimi na aura. Nasa ne ko?"

"Nasa ne."

"To, mun ci littafin bawan Allah ke nan, ni da kai, har da suɗe kwano."

Ta koma ɗaki. Gurasar ta bushe a inda ta ajiye ta.

Washegari ya ɗauki sanda ya nufi kasuwa. Kalbali mai ɗinkin littafi yana zaune a rumfarsa, ƙato ne mai tumbi, yatsunsa kullum a cikin ƙaro, bakinsa kullum a cikin maganar wani.

"A'a, Ustad, yau kai ne a layinmu? Ai na zaci sai a makara za ka sake bi ta nan."

"Da wannan tumbin naka ni zan raka taka," in ji Bahman. Ya zauna a kan tarin fata, ya jira numfashinsa ya dawo. "Kalbali, shekararka nawa kana ɗinkin littafi?"

"Talatin, da albarkarku."

"A talatin ɗin nan ka taɓa ganin tawada ta ci takarda a miƙe, kamar an ja da sanda, ta bar haruffa lafiya lau?"

Kalbali ya ajiye allura. Ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Ustad, ni ba makaho ba ne. Tana buɗewa na ga layin kore ne. To me kake so in ce mata? Mirza ya tafi, ba zai shigo kasuwa a nuna shi da baki ba. Kai kuwa kana nan. Na ci gurasar gidanka, kai ka gyara mini riƙon wuƙa ina saurayi. Sai na ɗora wa wanda ba zai ji nauyin ba. Ka koma gida ka sha ranarka. Mutanen layin nan ka san su, wata biyu sun sami wani sun manta."

Bahman ya ji sanyi ya ratsa ƙirjinsa, sanyin wanda aka sauke wa kaya, kuma wannan sanyin ya fi komai ba shi kunya. Har ya kama sanda zai tashi. Sai tambayar ma'aikaci ta fito masa, irin wadda baki yake yi ba da shawarar mai shi ba.

"Littafin fa? Me za a yi masa?"

"In tawada ce, ba abin da za a yi. Ta nannaɗe shi ta sa a akwati."

"Koren kuma ya ci gaba da ci."

"Ya ci gaba." Kalbali ya sosa gemu. "Shekara biyar, in an yi damina mai laima ma ba zai kai ba. Yanzu a layi yake, nan gaba zai shiga cikin baitocin. Ka fi ni sani."

"In kuma kore ne?"

"Sai a bi kowace warƙa da wuƙa, a yanka ta cikin layin, a fid da rubutun, a dasa shi a sabuwar takarda. Gefen kuma a zubar, don duk inda ya taɓa sai ya shafa. Amma Ustad, gefen nan ai shi ne kai. Har daga Tabriz an zo kallonsa. Wa zai yarda a zubar da shi in ba an gaya masa dalili ba?"

Nan maganar ta tsaya. Ba yadda za a ceci rubutun Yadullah sai an yanke zayyanar Bahman, kuma Gauhar ba za ta bari wuƙa ta taɓa littafin ubanta ba sai an faɗa mata gaskiya. Tsohon ya zauna yana kallon ƙasa har aka kira azahar. Kalbali bai sake yi masa wasa ba.

Rana ta uku bai kira ta gida ba. Ya aika mata ta same shi a rumfar Kalbali, tun da a can maganar ta tashi. Ta zo da mayafinta, ta tsaya daga gefe. Masu takarda da masu tawada da suka ga Ustad Bahman ya buɗe littafin nan a bainar jama'a suka bar rumfunansu suka matso, kamar yadda ya san za su yi. Ya ɗaga guntun shafin ya nuna musu tawadar, ya nuna musu bakin yankan. Sannan ya faɗa, da murya wadda na bayan ma suka ji, cewa tawadar Mirza Yadullah ba ta da laifi, zangar ne, shi ya haɗa shi, bai sa za'afaran ba, kuma ba mantuwa ya yi ba.

Wani dattijo mai sayar da alƙalami ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama.

Gauhar ta matso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ya tambaye ka?"

"Ya tambaye ni."

"Me ka ce masa?"

"Na ce na sa."

Ta daɗe tana kallonsa. Wannan mutumin shi ya raɗa mata suna a kunne, shi ya riƙe kan makarar ubanta.

"Duk baƙon da ya zo gidanmu," in ji ta, "Baba ba ya nuna masa rubutu. Gefe yake nuna masa. Ya ce ku dubi koren Bahman, ni ai baƙo ne a lambunsa. Har a ciwon ajalinsa haka yake cewa."

Bahman bai san da wannan ba. Ya zauna a kan tarin fata. Da aka yi mata bayanin yankan, Kalbali ya ce shi zai yi, don hannun Ustad ba ya tsayawa. Ta girgiza kai.

"Shi zai yanka. Da hannunsa. Ni kuma zan zauna in gani."

Haka aka yi. Kullum da hantsi takan zo gidan, ta zauna a kan darduma a tsakar gida, shi kuma ya ɗora warƙa a kan allon katako, ya danne ta da sandar ƙarfe. Hannun da ya kasa riƙe alƙalamin gashin kyanwa bai kasa bin sanda da wuƙa ba, in ya jingina gwiwar hannu ya riƙe numfashi. Warƙa biyar a rana, wani lokaci huɗu. Rubutun ya tafi hannun dama, tsakanin fararen takardu. Gefen ya tafi kwando. Ba sa hira. Sharbanu takan kawo musu ruwan rumman ta ajiye, ta tsaya kaɗan, ta koma.

Kada a ce bai ji zafin kwandon ba. Ya ji, har fiye da yadda ya kamata. Kowace barewa ya san ranar da ya zana ta. Akwai wata tsuntsuwa a warƙa ta sittin da ya yi kwana tara a kan fikafikanta, da ya zo kanta sai da ya ajiye wuƙa ya goge ido, kuma ya ji haushin kansa da yake kukan tsuntsuwa a gaban 'yar mutumin da ya cuta. A wasu shafuka koren ya riga ya tsallaka layi ya kama jelar harafin ƙarshe, inda Yadullah yakan ja alƙalami ya sake shi a hankali kamar mai sauke jariri. Dole a aske jelar. Duk lokacin da ya yi haka Gauhar takan ja numfashi, shi kuma yana ji.

Kwana arba'in da shida suka yi. Lemon ya yi fure ya zubar. Ya bar shafin farko har ƙarshe, don ya san abin da ke cikinsa. A nan ne ya yi bajintarsa. Baiti huɗu ne kawai a shafin, ya kewaye kowane layi da gajimaren zinariya, ya bi bakin kowane gajimare da kore, har tsakanin kalma da kalma. Babu cikin layi da za a yanka, don koren yana ko'ina. Takardar ta yi duhu, ta yi ƙarau kamar ɓawon albasa.

Ya gwada duk da haka. Ya kwantar da wuƙa, ya zura ta ƙarƙashin shafin a hankali, yana bismilla a zuci. Gauhar ta miƙo tafin hannuwanta biyu don ta tara. Shafin ya ɗago kamar zai yarda, sai ya tsage ta kan gajimaren farko, ya bi na biyu, ya zube mata a hannu gutsu-gutsu. Kalma uku ne suka rage da za a iya karantawa, su ma ba a jere ba.

Can Bahman ya ce, "Baitocin ba su ɓata ba, 'yata. Kowa ya san su. Akwai masu hannu mai kyau a garin nan, sai a sa wani ya cike."

"Na san baitocin," in ji ta. "Ba baiti nake nema ba. A wannan shafin ya koya mini karatu. Yakan kama yatsana ya bi da shi a kan layin, sama-sama, ba ya bari in taɓa, wai kar in ɓata maka aiki." Ta dubi abin da ke hannunta. "Ba wanda zai cike. A bar wurin fari."

Ta zube gutsattsarin a cikin ƙyallen alharinin, ta ƙulle. Ta tattara warƙoƙin da aka ceta, ɗari biyu da goma sha uku, za ta kai wa Kalbali ya dasa su a farar takarda, don ta ce ba ta son kowa ya sake yi musu ado. Ba ta kalli kwandon ba. Ta kai bakin ƙofa sannan ya iya buɗe baki.

"Gauhar. Ki yafe mini."

Ta tsaya, ba ta juyo duka ba.

"Nawa na yafe, Ustad. Ka fito gaban mutane ka wanke shi, ka kuma yi aikin da hannunka, na gani. Amma ba ni ka ce wa ka sa ba. Shi ka ce wa. Wannan ba ni da ikon yafe shi." Ta gyara riƙon littafin a ƙirjinta. "Ka kusa ganinsa ai. Sai ka roƙe shi da kanka."

Ta fita, ta jawo ƙofar a hankali. Ustad Bahman ya zauna da wuƙa a hannu, kwandon a gefensa cike da zinariya da kore. Tun yana saurayi bai taɓa tsoron mutuwa ba, amma ran nan ya ji tsoronta har cikin ƙashinsa. Sharbanu ta kira shi cin abinci sau biyu, bai amsa ba.